Zagaye Landan da Ƙafa: Jagora ga Mai Son Bin Hanyar Capital Ring

Duk shekara, da sanyi ya fara sassautawa a watan Afrilu, sai 'yan'uwa su fara nemana in fita da su tattaki. Yawancinsu ɗalibai ne da karatu ya kawo Landan daga Kano, Zariya, Sakkwato ko Damagaram. Wasu kuma magidanta ne da likita ya ce su riƙa motsa jiki. Na daɗe ina bin hanyoyin ƙafa na gefen birnin nan, kuma kurakuran sababbin shiga ba sa canzawa: sabon takalmi, fita a makare, dogaro da waya kaɗai, da raina hanya don ana hango bas. Wannan na ƙarshe shi ne uwar sauran. Mutum ya san duk inda ya tsaya akwai tasha a kusa, sai ya fito kamar mai zuwa kanti sayen burodi. Kafin la'asar ƙafa ta yi bororo, cajin waya ya ƙare, an kulle ƙofar lambu, ya koma gida yana rantsuwar ba zai ƙara ba. Rantsuwar nan ce take damuna, domin na san abin da ya rasa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wace hanya ce?

Capital Ring hanyar ƙafa ce da ta yi wa tsakiyar Landan zobe. Tsawonta mil 78, wato kimanin kilomita 126, an kasa ta zango 15, kuma an kammala haɗa ta a 2005. Tana farawa daga Woolwich a bakin kogin Thames, ta yi kudu ta Eltham da Crystal Palace, ta yi yamma ta Wimbledon da Richmond, ta haura arewa ta Harrow da Highgate, ta gangaro gabas ta Hackney, ta dawo inda ta tashi. Ba sabuwar hanya aka share ba. Abin da aka yi shi ne ɗinke lambuna, kurmi, filayen jama'a, gefen kanal da tsofaffin layukan dogo, aka haɗa su da gajerun titunan unguwa. Akwai yayarta mai suna London LOOP, mai mil 150 da zango 24, wadda ta fi nisa da gari kuma ta fi laka. Shawarata ita ce kada ka taɓa ta sai ka gama wannan.

Sunayen wurare na bar su yadda suke a rubuce a jikin alluna, domin haka idonka zai gan su a hanya.

Kayan da za ka tanada

Takalmi. Ba dole ne sai babban takalmin hawan dutse ba. Daga Mayu zuwa Satumba kambas mai kauri, mai tsaga-tsaga a ƙasansa, ya isa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai wanda ruwa ba ya ratsawa, domin ƙasar Landan yumɓu ce, ba ta shanye ruwa kamar rairayin ƙasarmu. Ruwan da aka yi ranar Litinin za ka tarar da caɓalinsa ranar Asabar. Ka sayi takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakinsa.

Safa. Ta ulu, ko wadda aka yi domin tafiya. Ta auduga tana riƙe gumi, fata ta jiƙe ta yi laushi, gogayya ta ɗaye ta. Ka riƙa ɗaukar ta canji guda ɗaya a leda.

Tufafi. Riguna marasa nauyi biyu ko uku a kan juna sun fi ƙatuwar riga ɗaya, domin za ka iya cirewa idan ka hau tudu, ka mayar idan ka tsaya. Rigar ruwa mai hula ta zauna a jaka ko da gari ya waye tas. Lema ba ta da amfani a filin da iska ke kaɗawa. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa. Doguwar riga da abaya da zane mai jan ƙasa suna kwasar raɓa da laka, ƙaya kuma tana kama su. 'Yan'uwa mata da muke fita da su sun fi jin daɗin wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, da mayafin da aka cusa bakinsa cikin rigar ruwa.

Sauran kuwa: jakar goyo mai hannu biyu, gorar ruwa ta aƙalla lita 1, abinci, batirin ko-ta-kwana na cajin waya, bayanin zangon a takarda, filasta, hantsaki mai siririn baki, ƙaramar tocila, sallaya ta leda mai naɗewa, da katin biyan kuɗin mota. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, saboda haka takardar kuɗi a aljihu ba za ta kai ka gida ba.

Mataki na 1: Zaɓi zango, ka auna shi da hasken rana

Idan ka raba kilomita 126 gida 15, kowane zango zai tashi kilomita 8 da ɗoriya. Amma ba daidai suke ba. Na uku, daga Grove Park zuwa Crystal Palace, ya haura kilomita 12, kuma titinsa ya yi yawa. Kada ka fara da shi. Kada ma ka ga dole sai ka fara da na ɗaya don lambarsa. Zobe ne, duk inda ka kama daidai ne. Wanda nake fara kai mutane shi ne na 12, daga Highgate zuwa Stoke Newington. Yana bin Parkland Walk, tsohon layin dogo da jirgin fasinja ya daina bi tun 1954, wanda itatuwa suka rufe har da dandamalin tsohuwar tasha. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, da wuya a ɓata, kuma tana nuna wa mutum tun ranar farko cewa ana iya shiga inuwar kurmi a tsakiyar gidaje.

Daga nan sai lissafin lokaci, inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Allunan ƙasar nan da mil suke magana, kuma mil 1 kilomita 1.6 ne. Wanda ya saba da kilomita ya ga an rubuta 7, sai ya ɗauka tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, alhali kilomita 11 ke gabansa. Ka yi lissafi da kilomita 4 a sa'a idan kai kaɗai ne, 3 idan kuna da yawa ko akwai yara. Ka ƙara sa'a guda domin sallah, abinci da ɓatan hanya. Ka ƙara tafiyar da ke tsakanin tasha da farkon zango, wadda ba a sa ta cikin tsawon da aka rubuta.

Yanzu ka duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi. A gida mun saba magariba ba ta gusawa sosai tsakanin damina da rani, kuma jikinmu ya riƙe wannan sabon. A Landan rana tana faɗuwa bayan ƙarfe 9 na dare a Yuni, amma a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma ta tafi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, sai duhun da ka saba gani wajen 6 saura ya riske ka kafin 5. Abin da ya sa wannan ya zama babba shi ne wurare da dama da hanyar ta ratsa, irin su Highgate Wood da Clissold Park da maƙabartar Abney Park, ana kulle ƙofofinsu idan duhu ya kawo jiki. Na taɓa kai ayari bakin wani lambu a watan Nuwamba muka tarar da kwaɗo, sai da muka zagaye katangarsa ta titi, da wata baiwar Allah mai ciwon gwiwa a cikinmu. Tun daga ranar na sa wa kaina ƙa'ida: zango ya ƙare sa'a guda cur kafin faɗuwar rana. Ka fara ƙirge daga can ka dawo baya, zai gaya maka ƙarfe nawa za ka bar gida.

Mataki na 2: Shirya zuwa da dawowa

An tsara zangunan yadda kowanne zai fara kuma ya ƙare kusa da tashar jirgi ko ta bas. Sai dai ranakun Asabar da Lahadi su ne ake gyaran layukan dogo, kuma su ne ranakun da muke fita. Daren jajibiri ka duba ko layin da za ka bi yana aiki, musamman na dawowa. Ka kuma rubuta sunan tasha ɗaya ko biyu a tsakiyar zangon, inda za ka iya yankewa idan ƙafa ta ƙi ko ruwa ya tsuge. Wanda ya san mafita tun daga gida ba ya jin nauyin tsayawa. Wanda bai sani ba shi ke cije wa ciwo har ya yi wa kansa illa. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da kake sa ran komawa. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111.

Mataki na 3: Gyara ƙafa tun kafin ka fita

Sabon takalmi ba ya zuwa tattaki. Ka sa shi mako biyu kana zuwa makaranta ko aiki, har ya san ƙafarka. Ka yanke farce kwana biyu kafin tafiya, domin a gangare yatsu suna dukan bakin takalmi, dogon farce ya tara jini ya baƙe. Ka ɗaure igiya da kyau a wuyan ƙafa yadda diddige ba zai riƙa ɗagawa ba, ka sassauta ta wajen yatsu.

Bororo ba ya zuwa ba sallama. Da farko za ka ji wani wuri ya ɗauki zafi, yawanci bayan diddige ko gefen ƙaramin yatsa. A wannan lokacin minti biyu sun isa: ka zauna, ka cire takalmi, ka share wurin ya bushe, ka manna filasta. Matsalar mutanenmu kunya ce. Saurayi ba ya son ya tsayar da ayari, ko ya cire takalmi gaban manya, sai ya yi shiru har fatar ta tashi. Idan kai ne jagora, kada ka jira a gaya maka. Bayan rabin sa'a na farko ka tsayar da kowa, ka ce a gyara igiya, ka tambayi mutum ɗaya-ɗaya. Idan bororon ya riga ya fito, kada ka ɗaye fatar, ka rufe shi, ka yanke tafiyar a tasha ta gaba.

Mataki na 4: Koyi karanta alama

A nan nake so ka fi natsuwa, domin a nan sana'ar take. Tambarin hanyar shi ne hoton hasumiyar agogon Big Ben a cikin da'ira. A lambu da kurmi za ka gan shi a jikin ƙaramin faifai fari mai kibiya, an kafa a guntun turken katako. A titi kuwa allon ƙarfe ne da aka ɗaure a jikin sandar fitila, sama da kai, da hoton mutum yana tafiya. Ke nan idonka yana da aiki biyu: a fili ka duba ƙasa-ƙasa, a unguwa ka ɗaga kai.

Sabon shiga yana tsoron kurmi, yana sakin jiki a titi. Abin da na gani akasin haka ne. Ba a cika ɓata a kurmin Oxleas Wood ba, duk da duhuwarsa, domin a can kowa a farke yake. A unguwa ake ɓata. An fito daga lambu, hira ta yi daɗi, titi ya miƙe, ƙafa ta bi shi, alhali hanyar ta karya ta shige wani siririn lungu tsakanin gidaje biyu, wanda babbar mota ta tsaya ta tare allonsa. Duk inda ciyawa ta haɗu da kwalta, a nan za ka tsaya ka duba takarda. Ka karanta jimla biyu gaba da inda kake, yadda za ka san abin da kake nema kafin ka iso shi.

Kada ka ba wa allon titi cikakkiyar amana. Tunda ɗaure shi aka yi, iska ko mota ko hannun yara na iya juya shi ya nuna wata nahiya. Ganye yana rufe wasu a watan Yuli. Idan allo da takarda suka saɓa, ka duba taswira ta raba gardama.

Akwai kuma ruɗanin hanyoyin da suka haɗa jiki. A kudu maso gabas, Capital Ring tana tafiya tare da Green Chain Walk, wadda ke da rassa da yawa. A bakin kogi tana haɗuwa da Thames Path. Za ku yi tafiya tare na wani lokaci, sannan kowa ya kama gabansa. Wanda ya saba bin allon Green Chain ba tare da ya duba hasumiyar agogo ba, zai tsinci kansa a wata unguwa daban. Haka kuma allon da aka ƙara wa kalmar link ba ainihin hanyar ba ce, reshe ne mai kai ka tasha.

Ƙa'idar da nake bi ita ce ta minti goma. Idan na yi minti goma ban ga alama ba, ko na wuce mararraba ba tare da ta gaya mini komai ba, sai in koma alama ta ƙarshe da na tabbatar. Kada ka ce za ka yanke ka tare hanyar a gaba. A gefen birni abin da ke tsakaninka da ita layin dogo ne, ko katangar makaranta, ko babban titi mara wurin tsallakawa, kuma yanken minti biyar sai ya ci maka rabin sa'a.

Bayanin zangunan an rubuta shi ne ga mai bin zoben yadda hannun agogo ke juyawa. Ka bi shi haka a zagayenka na farko, don kada ka riƙa juya hagu da dama a kanka. Masu sa kai na ƙungiyar Ramblers suna sabunta bayanin idan gini ko gyara ya sauya hanya, saboda haka ka nemi sabo, kada ka dogara da wanda wani ya buga shekaru biyar da suka wuce. Waya tana da amfani wajen nuna maka inda kake tsaye, amma taswirar da ka saba da ita an yi ta ne don ta kai ka wuri ta hanya mafi kusa, kuma za ta fitar da kai daga kurmi ta ɗora ka kan titi. Sanyi kuma yana shanye batir da wuri.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Mutane da yawa da hanyar ta bi ta ƙofar gidansu ba su san sunanta ba. Ka tambayi sunan lambu ko tasha ta gaba. Masu yawo da kare su suka fi kowa sanin ƙofofi da lunguna.

Mataki na 5: Riƙe taki ɗaya

Ka fara a hankali fiye da yadda jikinka ke so. Ma'auni shi ne ka iya magana ba tare da haki ba. Ayari yana tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni, kuma idan na gaba suka tsaya jiran na baya, kada su tashi da isowarsa, shi ma yana da haƙƙin hutu. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Ruwan famfon Landan ana sha, kuma masu shagon shayi a lambuna sukan cika maka gora idan ka roƙa. Dabino, gyaɗa, ayaba da burodi sun fi abinci mai nauyi. Kada hutu ya wuce minti 15 a lokacin sanyi, gumi zai huce a jikinka.

Kuma ka bar wa kanka lokacin kallo, don shi ka fito. A Shooters Hill akwai hasumiyar Severndroog ta 1784, kusa da kurmin Oxleas da aka so a ratsa da babban titi, mutanen yankin suka tsaya kai da fata har aka janye shirin a 1993. A Crystal Palace akwai gumakan dabbobin zamanin da, waɗanda aka kafa a 1854. A Hanwell hanyar tana bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Wharncliffe, aikin injiniya Brunel. A Richmond Park, daga kan tudun King Henry's Mound, ana hango ƙubbar majami'ar St Paul daga nisan mil 10 ta wata kafa da aka bari tsakanin itatuwa, kuma dokar gine-gine ta kare wannan hangen.

Mataki na 6: Sallah da tsarki

Ka fita da alwala. Makewayi ba su da yawa a hanya, kuma waɗanda ke lambuna wani lokaci a rufe suke, don haka duk inda ka samu ka yi amfani da shi, ka kuma riƙe ƙaramar gora daban a madadin buta. Idan ka sake alwala, ka tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin takalmi ita ce gajeriyar hanyar bororo.

A Disamba azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa cikin sa'o'i huɗu, saboda haka ka san tun daga gida inda kowacce za ta same ka. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take, ba gabas sak da muka saba faɗa ba. Ka kauce daga kan turba, ka nemi wuri mai tsabta, ka duba ciyawar da kyau saboda kashin karnuka. Akwai masallatai kusa da hanyar a wasu zanguna, kamar na Finsbury Park a zango na 12 da Greenwich Islamic Centre a yankin Woolwich.

Mataki na 7: Karnuka, bareyi, kaska da ƙaiƙayi

Karnuka za ka gamu da su a kowane fili, yawanci ba igiya. Ga wanda ya taso inda kare ke gadi, abin yana tayar da hankali, kuma na ga dattijo ya fasa tattaki saboda wannan kaɗai. Idan kare ya nufo ka, ka tsaya cik, ka juya masa gefe, ka sauke hannuwa, kada ka zura masa ido. Gudu yana sa shi bin ka. Kada ka duƙa ɗaukar dutse yadda muke yi a gida, domin a nan rigima za ta jawo maka da mai shi. Ka ɗaga murya cikin ladabi ka ce ya kira karensa. Kusan kullum za a kira.

Richmond Park, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye da katanga a 1637, yana da bareyi kimanin 600 da ke yawo a sake. Sun saba ganin mutane, amma ba na gida ba ne. Ƙa'idar wurin ita ce ka bar mita 50 tsakaninka da su, kuma ba a ba su abinci. Daga Satumba zuwa Nuwamba mazan suna faɗan barbara, daga Mayu zuwa Yuli matan suna ɓoye 'ya'yansu a cikin dogayen ciyayi, kuma a lokutan nan biyu suna iya kai hari. Kada ka ratsa tsakiyar garke don ɗaukar hoto.

Inda barewa take akwai kaska. Ta nan ƙarama ce ƙwarai, wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ba kamar wadda muka sani a jikin shanu ba, kuma wasu suna ɗauke da cutar Lyme. Ka tsaya kan turba, ka cusa ƙafar wando cikin safa idan za ka ratsa ciyawa mai tsawo. Da ka koma gida ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu da bayan kunne. Idan ka same ta, ka kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja sama a hankali ba tare da murɗawa ba, ka wanke wurin. Kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata man shafawa ko kananzir. Alamar cutar wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa a makonnin da suka biyo baya. Hotunan da ake nunawa galibi na farar fata ne, inda yake fitowa ja. A baƙar fata yana iya zama kamar wurin da aka buge, ko ya ƙi fitowa sosai. Don haka idan zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi ko kasala suka biyo bayan tattaki, ka ga likita, ka gaya masa da bakinka cewa ka shiga ciyawa a wurin bareyi.

Akwai wani ganye mai baki kamar zarto da ke cika gefen turba da damshin bakin ruwa, Turawa suna ce masa nettle. Taɓa shi kamar taɓa karara ne, sai dai zafinsa yakan lafa cikin sa'o'i. Kada ka sosa, ka wanke da ruwa. Dogon wando ya raba ka da shi.

Mataki na 8: Bakin ruwa da filin golf

Teku yana turo ruwa cikin Thames sau biyu a rana, kuma idan cikar ta yi ƙarfi takan hau turbar bakin kogi a wajen Richmond. Kada ka shiga ruwan da ba ka ganin ƙasansa, gefen kogin yana nan ƙarƙashi. Ka jira ya janye ko ka bi titi. A gefen kanal na Grand Union da kogin Lea turbar siririya ce kuma masu keke suna da yawa. Ku jera ɗaya bayan ɗaya, ka cire abin sauraro daga kunne, ka riƙe hannun yaro ta ɓangaren da ba ruwa. Inda hanya ta ratsa filin golf, kamar a Wimbledon Common inda 'yan wasan ke sa jar riga don a hango su, ka tsaya har su buga, sannan ka wuce ba tare da ka bar turba ba. Duk ƙofar da ka buɗe ka rufe, shararka kuma ta koma jakarka.

Mataki na 9: Bayan ka dawo, da ranar rufe zobe

Ka cire shimfiɗar cikin takalmi, ka cusa masa tsohuwar jarida, ka bar shi ya bushe nesa da na'urar ɗumama ɗaki, domin zafinta yana fasa fata ya saki gam. Ka rubuta kwanan wata, zangon da ka yi, sa'o'in da ya ci, da inda ka ɓata. Bayan zango uku wannan rubutun zai gaya maka ainihin saurinka, daga nan ne za ka san ko ka isa haɗa zango biyu a rana ɗaya. Mai fita sau ɗaya a mako zai gama cikin wata huɗu.

Ko daga ina ka fara, ina ba ka shawara ka ajiye zango na 14 da na 15 su zama na ƙarshe. Daga Hackney Wick za ka wuce filin wasannin Olamfik na 2012, ka hau Greenway, wata doguwar turba da ke kwance kan babban bututun ƙazantar birni da Joseph Bazalgette ya gina a shekarun 1860. Babu inuwa a kanta, don haka ka sa hula idan rana ta buɗe. Daga Beckton za ka bi ta gefen tsofaffin tashoshin jiragen ruwa, jiragen sama na London City suna sauka daf da kanka, har ka iso North Woolwich. Zoben yana rufewa ne ta ƙarƙashin kogi, ta ramin masu ƙafa da aka buɗe a 1912, mai tsawon kusan rabin kilomita. Na'urar hawa da sauka ta ramin takan tsaya, kuma matakalar mai murɗawa ce, doguwa a kowane gefe. Ka tanadi ƙarfin gwiwa dominta. Idan akwai tsoho ko mai keken jariri a ayarinku, ku duba ko jirgin fito na Woolwich yana aiki a ranar, kyauta yake tsallakar da masu ƙafa, kuma yana sauke ku 'yan taku kaɗan daga ƙofar ramin ta kudu, inda zango na ɗaya ya fara.